DFO yunwar ƙarfe yake sa wa ƙwaya, ba ƙarancin iska ba

Ka ce ka zuba difiroksamin (DFO, maganin da ke kama ƙarfe) maikromola 100 a farantin da kake rainon ƙwayoyin halitta, ya kwana, da safe furotin HIF-1α, wanda ke taruwa idan ƙwaya ta rasa oksijin, ya tashi, kana tambaya ko ka rubuta cewa ƙwayoyin sun shiga ƙarancin oksijin. A'a ɗana, kada ka rubuta haka.

Oksijin yana nan cikin inkubeta yadda ka bar shi. Ƙarfe ka ƙwace. Enzayim ɗin PHD, wanda ke sa wa HIF-1α alama don a rushe shi, ba ya aiki sai da oksijin da ƙarfe tare. Duk wanda ka hana shi a cikinsu, aiki ya tsaya, HIF-1α ya taru. Tun 1993 Wang da Semenza suka nuna DFO na tayar da HIF-1, shi ya sa ake aronsa a madadin ƙarancin iska. Amma ba PHD kaɗai ke buƙatar ƙarfe ba. Enzayim ɗin da ke ƙera tubalan DNA ma sai da shi, haka mitokondiriya, masu samar wa ƙwaya makamashi. Ka koma ka duba farantin nan a madubin ƙara girma (maikroskop): ƙwayoyin ba su cike gurbi kamar waɗanda ba ka zuba wa DFO ba, sun daina rabuwa. Da me za ka bambance wannan da aikin HIF?

Ga abin da za ka yi. Ka ƙara faranti guda, ka haɗa DFO da ƙarfe ɗaya bisa ɗaya kafin ka zuba. Za ka ga ruwan ya koma ja-ja kamar tsatsa, alamar ya ƙoshi ke nan, ba zai taɓa na ƙwaya ba. In abin da ka gani ya ɓace a wannan farantin, to rashin ƙarfe ne sanadi. A farantin DFO zalla, ka auna feritin, furotin da ke adana ƙarfe, ya kamata ya sauka, mai karɓar tiransferin, wanda ke shigo da ƙarfe cikin ƙwaya, kuma ya hau. In kuwa dole sai ka yi maganar ƙarancin iska, ka sa wani farantin a akwatin oksijin kashi 1 cikin 100, ka gwama.

Kada ka yi masa gaggawa. DFO ba ya ratsa fatar ƙwaya da sauƙi, haɗiye shi take yi sannu a hankali. In kana son mai saurin shiga, ɗauki difirifuron, wani maganin kama ƙarfe.

Da ruwa za ka narka garin DFO, ka tace da matacin maikromita 0.22, ka rarraba a ƙananan bututai, ka ajiye a -20°C. Wanda ka narkar sau ɗaya, kada ya sake komawa firiza.