Ƙwari sun kama shingena, ga rijiyar maƙwabta a gindinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shingen fulawa a gidana da ke Fadaman Mada, Bauchi. Wasu fararen ƙwari kamar auduga sun manne a rassansa, ganyen ya yi baƙi yana danƙo. Mai shago ya ce in fesa Sniper, amma bayan shingen akwai rijiyar maƙwabtana da kajinsu, ga yara. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kar ki fesa. Sinadarin da ke cikin Sniper, dichlorvos, guba ce mai shiga jiki ta numfashi da ta fata, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Kuma ko babu maƙwabta, kuɗinki za ki zubar. Wannan farin abu kakin da ƙwaron ke lulluɓe jikinsa da shi ne, magani na sauka a kai ya zame, ya kashe ƙwari masu amfani da ke cinye ƙwaron, shi kuwa ya dawo ya fi da yawa.

Ƙwaron tsotson ruwan itace yake, yana fitar da darɓa mai zaƙi, a kanta baƙin nan ke tsirowa. Ki duba gindin shingen, za ki ga tururuwa na hawa da sauka. Su ne makiyayansa, suna shan darɓar suna kore masa abokan gaba, don haka ki nemo gidansu ki tone.

Fara da almakashi. Rassan da suka yi fari fat a yanke, a zuba a buhu a ƙona nesa da gida, kar a jefar a bola. Sauran a wanke da ruwa mai ƙarfi.

Sai darbejiya, wadda ba unguwar da babu ita a Bauchi. A samo busassun 'ya'yanta a ɓare, a daka ƙwallon, rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana a jiƙe. A tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanki a ciki, domin sabulun ne ke fasa kakin. A fesa har ƙarƙashin ganye, duk mako, sau uku ko huɗu. Ba ta kashewa nan take. Hana ƙwaron ci da hayayyafa take yi. A yi haɗin sabo kowane lokaci, rana na kashe ƙarfinsa.

Ko darbejiyar ce, a yi feshin da yamma bayan iska ta kwanta, lokacin da ƙudan zuma suka koma gida. Da hunturu in iskar na kaɗawa wajen maƙwabta, a bari sai wata rana. Ki leƙa ki gaya wa uwargidan maƙwabtan tun da wuri, ta rufe rijiya da randuna, ta kwashe shanya, a killace kaji da awaki.

In bayan wata guda abin bai lafa ba, ki kai reshe ɗaya ofishin BSADP, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Bauchi, malamin gona ya gani da idonsa kafin ki sayi komai. In kuwa wani ya riga ya fesa guba, kika ga yaro na dalalar miyau, amai ko numfashi da ƙyar, a cire masa kaya, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kar a ɗura masa manja ko madara.