Waƙar zaman bakin ruwa da mai ita bai ga shigarta kasuwa ba

Tambaya: Malam, akwai wata tsohuwar waƙar Amurka da nake yawan ji, wadda mawaƙin yake zaune a bakin tashar jiragen ruwa yana kallon ruwa, a ƙarshe ya rufe da yin fito. An ce mini ya rasu kafin a saki faifan. Gaskiya ne? Idan haka ne, wa ya ƙarasa ta?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa. Waƙar ita ce "(Sittin' On) The Dock of the Bay" ta Otis Redding, kuma kwana uku ne kacal tsakanin aikinsa na ƙarshe a kanta da rasuwarsa.

Ya fara tsara ta a watan Agustan 1967, lokacin da ya sauka a wani jirgin ruwa da aka mayar gidan kwana a Sausalito, kusa da San Francisco. Da ya koma Memphis sai ya kai wa Steve Cropper, makaɗin jita na kamfanin faya-fayan waƙa na Stax, suka ƙarasa baitocin tare. An ɗauke ta ranar 22 ga Nuwamba, aka ƙara aiki a kanta ranar 7 ga Disamba. Ranar 10 ga watan jirgin samansa ya faɗa tafkin Monona a jihar Wisconsin, ya rasu yana ɗan shekara 26, tare da makaɗa huɗu na ƙungiyar Bar-Kays da ke yi masa kiɗa, da matuƙin, da wani hadiminsa. Mai busa ƙaho Ben Cauley kaɗai ya tsira.

Tun yana raye ba kowa ne ya so waƙar a Stax ba. An saba da Otis mai tsawa da gumi a dandali, sai ga shi da murya a kwance, kiɗa a hankali. Jim Stewart, mai kamfanin, yana ganin ta kauce wa salon gidan. Shi kuwa Otis ya kafe cewa ita ce za ta kai shi saman jeri.

Cropper ne ya ƙarasa ta, kuma a ganina ba a yaba masa yadda ya kamata. Kamfanin Atlantic, mai rarraba faya-fayan Stax, ya matsa a fitar da wani abu nan take, don haka ya koma ɗakin ɗauka cikin kwanakin makoki, yana sauraron muryar abokinsa yana haɗa sautin. Ƙarar igiyar ruwa da kukan tsuntsayen teku da kake ji shi ya saka su. Ba daga kansa ya ƙirƙiro ba: a ɗaukar farko da aka saki a 1992, za ka ji Otis da bakinsa yana kwaikwayon kukan tsuntsayen cikin wasa. Batun fito kuma, Cropper ya ce Otis ya yi niyyar rufewa da wasu 'yan kalmomi, suka ɓace masa, sai ya cike gurbin da fito. Aka bar shi haka, kuma gara da aka bari.

Faifan ya shiga kasuwa ranar 8 ga Janairun 1968 da tambarin Volt, wani reshe na Stax. A watan Maris ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard, ya yi mako huɗu a wurin, karon farko ke nan da waƙar mamaci ta kai haka a Amurka. A Ingila ta kai na uku. A 1969 ta ci kyautar Grammy biyu.

Sai dai Stax bai daɗe yana cin moriyarta ba. Da suka raba gari da Atlantic a 1968, sai Stewart ya gano cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa Atlantic asalin faya-fayan da ya rarraba, har da na Otis.