Amsa Ga Kawu Kan Dodon Tafki Da Macijin Kusugu

Kawu, bayan gaisuwa da fatan ka wuni lafiya tare da iyali, na ga saƙonka inda kake tambaya ko da gaske ne a makarantun nan na Sikotland ana zaunar da yara a koya musu labarin dodo, har mu ma Hausawan birnin Gilasgo mun ɗauki wannan hanya. Gaskiya ne, kuma na fahimci abin da ya ɗaga maka hankali, domin ni ma ranar da 'yata ta fara dawowa gida da zanen wata dabba mai dogon wuya, sai da na je na tambayi malamarsu abin da ake nufi da shi.

A arewacin ƙasar nan akwai tafkin Nes, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 36, zurfinsa kuma mita 230 a wuri mafi zurfi, ruwansa baƙi ƙirin saboda irin ƙasar da ke wankowa cikinsa. Mutanen wurin sun daɗe suna cewa akwai wani dodo a ciki, suna kiransa Nesi. Malamar ba ta ce wa yaran akwai shi ba, ba ta kuma ce babu ba, sai ta mayar da maganar ta zama aikin makonni. A darasin lissafi suka auna mita 230 da igiya a filin wasa domin su ga yadda zurfin yake da idonsu. A darasin tarihi aka nuna musu wani shahararren hoto na 1934 da aka ce na dodon ne, aka bar su suka gama mamaki, sannan aka bayyana musu cewa a 1994 asiri ya tonu, ashe jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai da wuya. A darasin kimiyya kuwa aka ba su labarin masanan da suka ɗebi ruwan tafkin a 2018 suka binciki ƙwayoyin halittar da ke cikinsa, ba su sami alamar wata ƙatuwar dabba mai jan ciki ba, sai tarin alamun wani dogon kifi mai siffar maciji. Yarinyar da ta tafi da tsoron dodo ta dawo tana tambayata yadda ake gane hoton ƙarya, kuma a wannan zamani na wayar hannu ban san darasin da ya fi wannan amfani ba.

Daga nan ne iyaye 'yan uwanmu suka ga cewa ai mu ma muna da namu, har ma ya fi yawa. Duk ranar Asabar, bayan an tashi daga Islamiyya, mukan riƙe yaran na sa'a guda. Mun fara da macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ake kira Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wata baiwar Allah daga cikinmu, malamar asibiti ce, ta tambaye su cewa idan gida yana amfani da guga 6 a rana, guga nawa za a janyo ranar Juma'a domin ya kai mako, kuma tulu nawa ake bukata. Sai da muka yi bayanin guga da tulu tukuna, domin yaran da aka haifa a nan famfo kawai suka sani. Bayan haka muka shimfiɗa taswira suka bi sawun Bayajidda da yatsa daga Bagadaza zuwa Borno, zuwa Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, har Daura, suka kuma nemo Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Ba mu ɓoye musu cewa masana tarihi suna da ja a kan wannan labari ba, kamar yadda malamarsu ba ta ɓoye musu batun hoton ba.

Game da tsoron da kake ji kan aƙida, mun yi wannan muhawara a tsakaninmu, kuma ta yi zafi. Matsayar da muka cimma ita ce, aljanu ba abin wasa ba ne tunda Alƙur'ani ya ambace su, saboda haka maganarsu tana wurin malamin Islamiyya. Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Dodo kuwa na tatsuniya ne, kuma kakanninmu sun riga sun yi mata shinge, tunda mai ba da ita yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Mukan sa yaran su faɗi wannan da bakinsu kowane mako, sannan mu tambaye su wane ɓangare ne zai iya faruwa, wane ne ba zai yiwu ba.

Wani dattijo ya tuna mana cewa ba a tatsuniya da rana. Da hunturu wannan ba matsala ba ce, domin a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, amma a watan Yuni, da ake kaiwa ƙarfe 10 na dare da sauran haske, sai dai mu sauke labule.

Abin da muka rasa shi ne murya, domin Hausarmu ta fara tsamurewa, waƙoƙin cikin tatsuniya kuma sun kuɓuce mana. Ina roƙonka, Kawu, idan ka je gaida Gwaggo, ka ɗauko mana muryarta a waya tana ba da ta Gizo da hankaki ko wadda ta ga dama, ka turo ta WhatsApp kafin Asabar mai zuwa.