Amsa kan kisasi: me ya sa ba ɗaurin rai da rai ba?

Ɗan'uwa, ka ce tunda kashe mai kisa ba ya dawo da mamaci, ai ɗaurin rai da rai ya isa. Ni ban yarda ba.

A unguwarmu nan Makka an daɓa wa wani yaro wuƙa kan bashi. Na je ta'aziyya, na tarar da mahaifiyarsa riƙe da takalminsa, ƙannensa a bakin ƙofa idanu jajir. Wallahi abin da ya zaunar da samarin nan shi ne sanin cewa kotu za ta bi musu jini. Ba don haka ba, da gawa biyu aka yi, ko uku. Rayuwar da Allah Ya ce tana cikin kisasi ke nan, Baƙara aya ta 179.

Kuma ba da garaje ake yi ba. Hukuncin sai ya bi kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli, sannan Sarki ya ba da umarni. In cikin magada akwai yaro, ana jira ya balaga. Magada na da ikon yafewa ko karɓar diyya, har ranar zartarwa. Uwar yaron nan dai har yanzu ba ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba.