Tambaya da amsa: ɗaukar hoto a tsaunukan Harz lokacin kaka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jamus, ina so in shiga tsaunukan Harz a ƙarshen Oktoba don in ɗauki hoton ganyayen da suka rine. Abokaina sun ce ƙananan duwatsu ne, takalmin yawo da waya sun wadatar, amma hankalina bai kwanta ba. Kuma hotunan da nake ɗauka cikin kurmi a dushe suke fitowa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar hoto ita ce mai sauƙi. Kurmi ba ya son tsakar rana, domin haske da inuwa suna kece hoton gida biyu, don haka ka zaɓi ranar da gajimare ya lulluɓe sama, ko safiyar da aka kwana ana yayyafi. Ka sa gilashin polarizer a bakin kyamara ya kashe ƙyallin jiƙaƙƙen ganye, ka ɗora ta bisa ƙafafunta uku, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, a 100. Kwarin Ilse da kwarin Bode da ke kusa da garin Thale sun fi ƙololuwa launi, saboda can ne bishiyoyin da Jamusawa ke kira Buche, masu ganyen da ke rinewa da kaka, suke da yawa.

Maganar abokanka ce ta dame ni, domin ita nake ji kullum, kuma masu ɗora bidiyo a TikTok sanye da riga shara-shara su ne suke ƙara yaɗa ta. Gaskiya ne Brocken, ƙololuwar Harz, tsawonsa mita 1,141 ne kacal, amma hazo yana rufe shi kusan kwana 300 a shekara, kuma a Nuwambar 1984 an auna iskar da ta kai kilomita 263 cikin sa'a a samansa. Mutum zai bar Schierke, ƙauyen da ke gindin dutsen, rana na haskawa, ya isa sama ya tarar da sanyin da ke sandarar da yatsu.

Mai kyamara ma ya fi kowa shiga haɗari, domin yana hawa ya jiƙe sharkaf da gumi, sannan ya tsaya cak rabin sa'a yana jiran haske. Rigar auduga tana riƙe gumin, iska ta bi ta kansa, zafin jiki ya yi ta zurarewa bai ankara ba. Na taɓa tarar da wani matashi zaune bisa dutse, haƙoransa na kaɗawa, ya kasa jan zif ɗin jakarsa, wayar da ya dogara da taswirarta kuwa sanyi ya shanye batirinta. Har yau abin yana raina.

Ga kuma duhu. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya, rana ta riƙa faɗuwa wajen ƙarfe 5, kuma cikin kurmi duhu yana rigan haka. Jiƙaƙƙen ganye bisa dutse santsi gare shi kamar sabulu, sannan tun bayan farin da aka yi a 2018 ƙwaro ya kashe bishiyoyi masu ɗimbin yawa a Harz, waɗanda suke tsaye a bushe, iska kaɗan ta karya reshensu.

Don Allah ka sa takalmin hawa mai kama ƙasa, rigar ciki ta ulu, da rigar ruwa. Ka ɗauki fitilar goshi, taswirar takarda da shayi a fulas, ka sa batirin ajiya a aljihun ciki. Ka sanar da wani hanyarka da lokacin dawowarka, lambar gaggawa kuwa 112 ce. Idan ƙarfe 3 ta same ka a sama, ka naɗe kayanka ka fara gangarowa.