Wa Ke Kai Wa Ƙananan Tsibirai Ɗauki Idan Guguwa Ta Share Ƙasar Gaba Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kan ji a labarai cewa mahaukaciyar guguwa ta ragargaza wani tsibiri a yankin Karebiyan, wai ƙasa ce mai cin gashin kanta amma mutanenta ba su kai dubu ɗari ba. A babbar ƙasa, idan jiha ɗaya ta samu ambaliya, sauran jihohi na nan lafiya su taimaka. To su waɗannan, wa ke kai musu ɗauki, kuma yaya ake tsara shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka taɓo ainihin inda gizo ke saƙar. A ƙaramin tsibiri babu wani ɓangare da ke tsira ya taimaki ɗan'uwansa. A daren 18 ga Satumba 2017 guguwar Mariya ta faɗa wa Dominika, ƙasa mai mutum kusan 70,000 wadda ba ta da rundunar soja. Guguwar tana mataki na 5, wato iskarta ta wuce kilomita 250 a sa'a guda. Har gidan Firayim Minista Roosevelt Skerrit sai da ta kwashe rufinsa, shi da kansa ya sanar a Facebook kafin sadarwa ta yanke. Da aka ƙiyasta asarar, ta kai kashi 226 cikin 100 na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ma'aikacin agajin da ake jira ya fito, shi ma gidansa babu kwano, iyalinsa suna cikin ruwa.

Saboda haka ƙasashen yankin suka haɗa kai tun 1991 suka kafa hukumar agaji ta bai-ɗaya, wadda tun 2009 ake kira CDEMA, hedikwatarta na Barbados. Ba ta shiga ƙasa da gaban kanta. Sai gwamnatin ƙasar ta nema ta hannun ofishinta na agajin gaggawa. Kuma an raba martani mataki uku: na farko ƙasar na iyawa da kanta, na biyu tana buƙatar wasu ƙwararru ko kaya daga waje, na uku abin ya fi ƙarfinta, sai a tayar da dukkan tsarin.

An kuma ɗora wa ƙasashe huɗu nauyin makwabtansu: Jamaika, Antigwa da Barbuda, Barbados, da Tirinidad da Tobago. Kowace tana da sito na kayan gaggawa, tana kuma zama zangon da ake tara kaya kafin a tsallaka da su. Dominika tana ƙarƙashin Barbados, Girinada kuma ƙarƙashin Tirinidad. Ana yin wannan rabon ne tun kafin daminar guguwa, wadda ke farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da iska ta lafa, ba buhunan shinkafa ake fara turawa ba. Ƙaramar tawaga ce ke shiga da wayar tauraron ɗan adam, ta duba abu uku: titin saukar jirgin sama, tashar jiragen ruwa, da hanyar da ke fita daga cikinsu. Bayanta sai sojoji da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ƙasashen CARICOM, ƙungiyar ƙasashen Karebiyan, ke bayarwa, aikinsu karɓar kaya, lissafa su, da gadinsu. Dalili shi ne, yawancin tsibiran nan babbar tashar ruwa ɗaya suke da ita. Idan injin ɗaga kwantena ya lalace, ko bishiyoyi da zaftarewar ƙasa sun toshe hanya, jirgi zai iso cike da abinci amma mutanen ƙauyen da ke nisan kilomita 20 su kwana da yunwa. Shi ya sa injin yanka itace, katafila da man dizal suka fi komai daraja a kwana ukun farko. Haka aka gani a Tonga, can tekun Fasifik, bayan aman wutar dutse na 15 ga Janairu 2022: toka ta rufe titin jirgi, mutane suka share ta da hannu, jirgin agaji na farko bai sauka ba sai 20 ga wata, kuma wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta yi fiye da wata guda a tsinke.

Ruwan sha ma sai a yi lissafi. Ma'aunin agaji na duniya shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, domin sha, girki da tsafta. Ga mutum 70,000, ya haura lita miliyan 1 kullum. Babu jirgin saman da zai iya ɗaukar wannan a gora. Dole a kawo injin tace ruwa, ƙwayoyin kulorin, da masu gyaran bututu.

Abin da ya fi ba masu wannan aiki takaici shi ne gudummawar da ba a nema ba. Bayan guguwar Pam ta 2015 a Banuwatu, ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, an aika fiye da kwantena 70 na gwanjo da abincin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, suka tare fili a tasha, ana biyan kuɗin ajiya wata da watanni. Mai niyyar taimako ya aika kuɗi, shi ne gaskiyar magana.

Batun kuɗi kuwa, a 2007 aka kafa asusun inshora na yankin mai suna CCRIF. Ba ya jiran a zagaya a ƙirga gidajen da suka rushe. Ana duba ƙarfin iska, yawan ruwan sama ko girgizar ƙasa, idan ya kai ma'aunin da aka amince, sai a biya cikin kwana 14. Irin wannan tsarin ne Tarayyar Afirka ta kafa don fari, wanda Nijar ta samu biya daga gare shi a 2015. Amma kada a ɗauka yana gina ƙasa. Dominika ta samu kusan dala miliyan 20, alhali asararta ta kai dala biliyan 1.3. Kuɗin na biyan albashi ne, da sayen mai, da share hanya. Girinada ta ƙara wata dabara: ta sa sharaɗi a yarjejeniyar bashinta cewa idan guguwa ta buge ta za ta dakatar da biya, kuma ta yi amfani da shi bayan guguwar Beril ta Yulin 2024.

Raunin tsarin yana bayyana idan masifa ta haɗa makwabta lokaci guda. Kwana 12 kafin Mariya, guguwar Irma ta rusa Barbuda, aka kwashe dukkan mazaunanta zuwa Antigwa, wadda ita ce ya kamata ta kula da Angwila da tsibiran Bajin na Ingila da su ma aka buge. Kaya sun ragu, ma'aikata sun gaji, sai ga Mariya. Kuma ƙasashen ba su da manyan jiragen dakon kaya na kansu, sai suka dogara da jiragen yaƙin Ingila, Faransa, Holan da Amurka.

Inda aka samu gargaɗi da wuri, sakamakon ya bambanta. Masana na cibiyar binciken girgizar ƙasa ta Jami'ar West Indies da ke Tirinidad sun yi watanni suna sa ido kan dutsen La Sufuriya mai aman wuta da ke tsibirin Sen Binsent. A 8 ga Afrilu 2021 aka ba da umarnin kwashe mutane, dubbai suka bar arewacin tsibirin a motoci da jiragen ruwa, washegari da safe dutsen ya fashe.