Baffa, ga abin da ke kai mu dutsen

Assalamu alaikum Baffa. Da fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Na saurari saƙon muryarka a kan hotunan da na turo ranar Asabar, inda ka gan mu wajen mutum ashirin a kan dutse, har da mata da yara. Ka ce me ya yi zafi mutum zai bar gari kamar New York ya kwashi iyalinsa ya shiga daji, ba gona ba, ba farauta ba, ba neman itace ba. Na ji damuwa a muryarka, kuma na san daga inda ta fito. Yau a gida idan aka ce wane ya shiga daji, salati ake fara yi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake.

Wurin sunansa Bear Mountain, gandun daji ne na gwamnatin jihar New York, a gaɓar kogin Hudson, kimanin kilomita 80 arewa da birnin. Daga Bronx inda muke, tafiyar awa ɗaya ce a mota in babu cunkoso. Ka ɗauke shi kamar Falgore ko Yankari, sai dai a nan abin da ke kawo mutane tafiyar ƙasa ce da shan iska. Da ma'aikata, da 'yan sandan gandun, da banɗaki, da famfo. Shiga kyauta ne, wurin ajiye mota kawai ake biya.

Asalinsa ma abin ji ne. Da farko gidan yari gwamnati ta so ginawa a gindin dutsen. Sai wata mata, Mary Harriman, wadda mijinta attajirin harkar jirgin ƙasa ne ya rasu ya bar mata dukiya, ta ba jihar fili eka 10,000 da dala miliyan 1 a shekarar 1910, da sharaɗin a fasa gidan yarin, a bar wurin ga jama'a. Gandun da ke maƙwabtaka da wannan har yau sunan gidansu yake ɗauke da shi. Duk ranar da na ga yaranmu suna guje-guje a bakin tafkin da ke gindin dutsen, sai in tuna da rijiyoyin da magabatanmu suke haƙawa a bakin hanya don matafiya.

To amma me ya sa mu? Baffa, kai ba ka taɓa ware rana don tafiya ba, domin rayuwarka ce ke ba ka ita. Masallaci sau biyar, kasuwa, gaisuwar mara lafiya, ɗaurin aure a wata unguwa, duk a ƙafa. Mu kuwa a bene muke, hawa na biyar, ɗaki biyu. Yawancinmu direbobin tasi ne, awa goma sha biyu mutum yana zaune a kujera. Matanmu da yawa suna aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Idan sanyi ya shigo, wata huɗu yaro daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai islamiyya ranar Asabar. Babu tsakar gida, babu ƙofar gida da za ka ce masa je ka yi wasa. Hawan jini da ciwon suga sun yi mana yawa, kuma duk likitan da ka je wurinsa maganar ɗaya ce: ka riƙa motsa jiki. Wani ɗan'uwanmu mutumin Kumasi ne ya fara jan mu bayan likita ya ja masa kunne. Da mu uku ne. Yanzu sai mun yi mota biyar.

Bayan asuba ake fara kiran waya. Muna haɗuwa a ƙofar masallaci, mutanen zangon Ghana, na Nijar, da mu na Najeriya, kowa da irin Hausarsa da irin kularsa. Wannan ta kawo shinkafa da wake irin na Ghana, waccan dambu da zogale, uwargidana kuma zoɓo da kunun aya. Manyan kuloli a mota suke zama sai an sauko. Abin da ake hawa da shi ruwa ne, dabino, tabarmar salla mai naɗewa da 'yar buta.

Tsayin dutsen ya kusa mita 400. Hanyar da muke bi da yara matakala ce ta dutse, sama da dubu, waɗanda masu aikin sa-kai suka sassaƙa suka jera da hannu shekara da shekaru. Yadda ba a ɓata kuwa, fenti ne. A jikin bishiya ko dutse za ka ga an shafa ɗan farin fenti kamar tafin hannu, kana tsaye a wannan kana hango na gaba. Farin fentin nan alamar wata doguwar hanya ce mai suna Appalachian, wadda ta taso daga jihar Georgia har jihar Maine, fiye da kilomita 3,500, kuma a wannan yankin aka buɗe sashenta na farko a 1923. Da rani mukan haɗu da masu bin ta tun daga farko, wata da watanni a ƙafa, gemu buzu-buzu, jaka a baya. Takwaranka ne mai neman mana fentin. Yana gaba yana kira, “Abba, ga shi nan!” Yaron da a gida sai an yi da gaske yake ɗaga kai daga waya.

A saman akwai wata hasumiyar dutse da aka gina a 1934. In gari ya yi garau kana hango dogayen benayen Manhattan, tsakiyar birnin New York, can nesa, ƙanana kamar tsinkayen ashana, ga kogi kwance a ƙasa, ga gada ta ratsa shi. A watan Oktoba ganyen itatuwa kan rikiɗe, ja da ruwan ɗorawa har iyakar ganinka. A nan muke azahar. Mukan koma gefe don kada mu tare hanya, a duba alƙibla a waya, arewa maso gabas take. Mutane suna wucewa, wasu su rage murya. Wani dattijo a cikinmu, mutumin Damagaram, bayan sallama yakan daɗe bai tashi ba. Ya ce mini tun da ya bar gida bai sake jin shiru irin wannan ba.

Hatsari akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Akwai beyar, baƙar dabba mai gashi wadda dutsen ya ci sunanta, amma gudun mutane take yi, dokar dai kar a bar mata abinci. Akwai macizai masu dafi. Wanda muka fi tsoro shi ne mafi ƙanƙanta, kaska, wani bai fi ƙwayar riɗi ba, kuma cizonsa na iya sa cutar da ake kira Lyme. Don haka dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, da an dawo gida uwa ta duba yaro daga bayan kunne har tsakanin yatsu. Ba a saran itace, ba a kunna wuta sai inda aka tanada, kuma ko ledar ruwa ka shigo da ita kai za ka fita da abarka. Kafin magariba duk mun sauko.

Abin da ya fi riƙe ni, a kan hanyar nan yaranmu suke jin Hausa daga bakin da ba na iyayensu ba. Awa huɗu yarinya tana tafe kusa da wata hajiya, tana jin sannu, yi a hankali, kama hannuna. A nan ake sanin wa ya rasa aiki, wa ke neman ɗaki, wa mahaifiyarsa ba ta da lafiya a gida, a haɗa abin da ya samu.

Takwaranka ya tambaye ni ko akwai dutse a Kano. Na ba shi labarin Dala da Goron Dutse. Ya ce in mun zo hutu, in Allah ya yarda, kai yake so ka kai shi Dala, zai ƙirga matakalar ya gani ko ta kai ta nan. A gaida Inna.